Attajirin Liyon da Ajin Asabar

Ni ban iya karatu baki a rufe ba. Daga nan rigimar ta samo asali, gara in faɗa tun da wuri. Sai da na haifi 'ya'yana, babbar har ta fara ɗora tukunya, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kano. Kafin nan duk abin da ke kaina ta kunne ya shiga. A Islamiyyar matan aure ta unguwarmu malama ce za ta rera, mu amsa, a yi ta maimaitawa har abu ya zauna. Farillan alwala da waƙa na riƙe su, abubuwan da ke karya azumi da waƙa, kuma duk murya ɗaya ce, ita malamar tamu ba ta da wata. Da na shiga boko sai na taho da halina. Duk abin da ya ƙi zama a kaina sai in juya shi da Hausa, in ɗora masa wannan muryar, in yi ta rerawa ina wanke-wanke har ya bi jikina. Da haka na gama sakandaren manya, kuma babu wanda ya taɓa cewa na yi laifi.

Da aka turo maigidana Kuala Lumpur karatun digiri na uku, muka sauka a Taman Melati, a wani dogon bene da 'yan Najeriya suka yi yawa har ƙamshin daddawa ya kama lif. Ya ce in zauna in huta. Na ce ban tsallako teku don in zauna ina kallon bango ba. Na nemi gurbi a jami'ar da ke kusa da mu, aka ba ni nazarin addinai. Ni ce babba a ajin. 'Yan matan Malay suna ce mini Makcik, kamar dai a ce goggo, suna tashi su ba ni kujerar gaba sai ka ce mai ciwon ƙafa.

Abin da ya fara tsaya mini a wuya a benen nan shi ne bakin yara. Uwa ta yi wa ɗanta magana da Hausa, ya mayar mata da Turanci. Ki aiki yaro kanti, ya ce miki ba zai je kedai ba sai ya yi makan, wai cin abinci ke nan. Maƙwabciyata, wadda muke kira Maman 'yan biyu, ta taɓa zama a falona tana share hawaye. Tsohuwarta ce ta bugo waya daga Gaya, 'yan matan biyu suka kasa ko gaisuwa, tsohuwa ta ce an sayar mata da jikoki. Na ce ta riƙa turo mini su ranar Asabar da hantsi.

Muna da ƙungiyar mata a benen, muna da Amira. Matar wani babban lakcara ce, ta fi kowa daɗewa a ƙasar, tana da digiri biyu, kuma ba ta ɗaga murya. In baƙuwa ta sauka ita ke nuna mata asibiti da inda ake samun naman kirki. Ba na cin bayanta a kan wannan, mace ce mai hidima. Da ta ji labarin 'yan biyu suna zuwa wurina, ta ce abu mai kyau ne, amma a sa shi ƙarƙashin ƙungiya don kowa ya amfana. Na ce to. Aka sanar, yara suka cika mini falo.

Ajin nan ba wani abu ba ne a ido. Tabarmi ne, da ɗan farin allo da na jingina da talabijin, da fanken da nake soyawa don kada su gudu. Gaisuwa muke yi, da sunayen dangi, da ƙirga, da karatu, da waƙar alwala irin wadda na taso da ita. In an kusa tashi sai tatsuniya. Amma wata rana Maman 'yan biyu ta shigo mini ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta ce babbar ta riƙe waya da kakarta har tsohuwa ta gaji ta fara sa albarka. Wannan ne ladana. Duk wahalar lakca da jirgin ƙasan LRT da zafin garin, in Asabar ta zo sai in ji ina da amfani a ƙasar nan.

A zangon karatun nan ne muka ɗauki tarihin Kiristanci. Farfesarmu wata 'yar ƙaramar mace ce Bamalayiya, mai magana a hankali kamar tana lallashin jariri. Ta ce kowa zai ɗauki ƙungiya ɗaya daga cikin waɗanda cocin zamanin da ya kora, ya zo gaban aji ya yi bayani. Ni aka ba ni wasu da ake kira Talakawan Liyon. Na karanta takardun da Turanci, na sake karantawa, kalmomin suna wucewa ta gabana kamar motoci a babban titin Jalan Semarak. Na kai wa maigida, ya duba sama-sama ya ce ai abu ne mai sauƙi. Wannan kalmar tasa ta sauƙi, da ana jifa da ita da tuni na rama. Na karɓe takarduna, na zauna da ƙamus, na shiga juya labarin da Hausa layi-layi. Sai ga shi ya buɗe.

A ƙarni na goma sha biyu, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, akwai wani attajiri ɗan kasuwa. An ce wata rana ya tsaya a bakin hanya yana sauraron wani mawaƙi da ke rera labarin wani bawan Allah da ya bar dukiya ya zaɓi talauci, abin ya taɓa masa zuciya. A zamanin kuwa Injila da Latin take, harshen da limaman coci kaɗai suka iya. Talaka zai je ya tsaya, a karanta masa abin da bai fahimta ba, ya ce amin ya koma gida. Attajirin nan ya ɗauki malaman coci biyu, ya biya su suka juya masa littafin da harshen da ake ciniki da shi a kasuwar garin. Da ya ji abin da ke ciki da kunnensa, sai ya ware wa matarsa gidaje da gonaki, ya kai 'ya'yansa mata gidan masu zaman ibada, sauran ya rabar wa matalauta a shekarar yunwa, ya fita titi yana gaya wa mutane abin da ya karanta.

Matar ce ta fara ba ni dariya. An ce da ta ji yana roƙon abinci a gidan wani abokinsa, sai ta kai ƙara wurin babban limamin garin, wai in ma bara zai yi, ya yi a ƙofarta. Na ce wannan ko a Kano aka haife ta sai haka.

Mutane suka bi shi, masaƙa da masu gyaran takalma da irinsu. Suna tafiya bibbiyu cikin rigunan ulu marasa ado, ba su riƙe komai, kuma har mata suna wa'azi. Ba su fito da niyyar barin cocin ba, gyara suke so, don suna ganin limamai sun nutse a cikin dukiya. Babban limamin Liyon ya hana su magana. Suka ɗauki ƙafa har Rum wurin Paparoma. Ya yaba musu talaucin, amma ya ce ban da wa'azi sai limaman garinsu sun ba da izini. A can Rum ɗin wasu masana suka zaunar da su, suka yi ta jefa musu tambayoyi masu tarko, da suka amsa yadda suka iya sai aka fashe da dariya. Wannan dariyar ta fi komai ƙona mini rai a labarin, don na san irinta. Suka koma gida, izini bai zo ba, su kuma ba su yi shiru ba. Aka tsine musu, aka kore su daga garin.

To ni jarrabawa ce a gabana, kuma ba zan iya tsayawa gaban yara sa'o'in 'yata ina karanta takarda ba. Sai na yi abin da na saba. Na jera labarin baiti-baiti, na ɗora masa muryar nan guda ɗaya da nake da ita.

Attajirin Liyon ya rabar da dukiya,
Ya sa a juya Injila da harshen kasuwa,
Manya suka ce wa ya ba ka izini,
Ya ce talaka ma yana da kunnuwa.

Amsar ƙarshen nan tawa ce, ni na sa masa a baki don baitin ya cika. Amshin kuwa gajere ne: aka kore su, suka hau duwatsu.

Wata Asabar yara suka zo da wuri, ina kicin ina juya fanke ina rerawa. Ban ma san sun shigo ba sai da na ji amshi daga falo, da tafi. Muryar sun san ta, ita ce ta waƙar alwala, ba su sha wahala ba. Da lokacin tatsuniya ya yi, suka ce labarin attajiri suke so. Gizo da Ƙoƙi sun riga sun ƙare mini, na maimaita har sun fara ƙarasa mini. Sai na ba su labarin. Na gaya musu ƙarara cewa mutanen nan Kiristoci ne, addininsu daban, namu daban, tarihi ne kawai. Ban taɓa ganin sun yi tsit irin na ranar ba. Suka yi ta tambaya, me ya sa aka hana su, ina 'ya'yansu suka kwana, akwai sanyi a kan dutsen. Kuma da Hausa suke tambayar, babu ko kalma ɗaya ta Turanci. Na sallame su ina jin daɗi har cikin raina.

Ba a daɗe ba aka yi suna a benen. Mata muka taru a zauren ƙasa, ana zuba shinkafa, ana hira. Yara suna can gefe suna guje-guje, sai suka jeru suka kama tafi. Cokali na hannuna na ji sun ɗauko waƙar attajiri. 'Yan biyu ne a gaba, muryarsu tas, kowace kalma ta fita, Injila ma ta fita. Hira ta tsaya. Wata ta ce wannan ba waƙar alwala ba ce? Wata ta ce muryar ce, amma ki saurari abin da suke faɗa. Maman 'yan biyu ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da kayan sata. Amira ta dube ni kawai, ta ci gaba da raba nama.

Kashegari aka kira ni gidanta bayan la'asar. Na tarar da iyayen yaran a zaune, an kawo shayi da biskit. Amira ta buɗe taro da addu'a, daga nan ta juya harshe zuwa Turanci, kuma a Turancin ta zauna har aka tashi. Taro a kan ajin Hausa, tsakanin Hausawa zalla. Ta san Turancina a hankali yake tafiya, sai na tsaya na jera shi kafin ya fito. Na bar ta da nata, duk abin da ta faɗa na amsa da Hausa.

Ta ce babu wanda ke zargin imanina. Ta ce amma iyaye sun ba ni amanar Hausa ne, ba tarihin coci ba, kuma ɗora irin wannan labari a kan muryar da yara suka san ta da alwala zai rikita musu tunani. Na ce a kan rashin tambayar iyaye suna da gaskiya, uwa ce ke da iko da abin da zai shiga kunnen ɗanta, kuma na juya na ba kowacce haƙuri a nan take, ido da ido. Muryar kuwa, na ce, ita kaɗai gare ni, da ita na haddace har sunayen ƙasusuwan jiki a sakandare, ba wanda ya ce na raina alwala.

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai wata matashiya cikin iyayen, wadda ba ta fi sa'ar 'yata ba, ta ce da Hausa, tana wasa da bakin gyale:

"Anti, matsalar karatun girma ke nan. Komai aka karanta muku sai ya shige ku, ba kwa iya tacewa."

Aka ɗan yi dariya, irin ta cikin gyale. Na ajiye kofin shayi.

"Ke da kika yi naki da ƙuruciya, ɗanki da wane yare yake gaishe ki?"

Babu wadda ta ƙara dariya. Amira ta yi gyaran murya ta kawo sharuɗɗa. Aji zai ci gaba, amma duk abin da zan koyar sai na rubuta shi da Turanci na kai mata ta duba kafin Asabar. Kuma ban da waƙa kowace iri, har sai an ga yadda hali ya yi. Ta ce ni ɗaliba ce har yanzu, ba a ba ni shaidar koyarwa ba, dole wani ya tsaya a kaina.

Na ce, "Hajiya, da yaran nan suka kasa gaida kakanninsu, masu shaidar suna ina?"

Ta ce ba faɗa aka kira ni ba.

Na ce ni ma ba faɗa na zo ba, amma in aka cire waƙa an cire ajin, don da ita suke riƙewa. Kuma ba zan juya Hausa da Turanci don a ba ni izinin koyar da Hausa ba. Ta ce to ƙungiya za ta mayar da ajin gidanta. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ɗauki takalmana.

Maigida ya riga ni jin labari, don mijin Amira ya tare shi a masallaci. Ya ce in bi sharaɗin kawai, mene ne a rubuta 'yan layuka, mu baƙi ne a ƙasar mutane, da wa za mu zauna in ba su ba. Na ce shi ya taɓa kai wa wani lakcarsa ya duba masa kamar ɗan firamare? Ya ce kullum ma, ai shi ne aikin mai duba shi. Na ce wannan ya fi ka sanin fanninka, ita kuwa ta fi ni Hausa ne? Ya ce ni dai ba a kayar da ni a magana, ya ɗauki makullinsa ya tafi shagon mamak, wato masu shayin garin, shan shayi.

Haka na ƙarasa shirin jarrabawar raina a dagule, kuma sauran labarin ba mai sanyaya rai ba ne. Bayan an kore su daga Liyon suka watsu, wasu arewacin Italiya, wasu ƙasashen Jamus, da yawa suka shige kwarurukan manyan duwatsun da ke tsakanin Faransa da Italiya. Coci ya kafa masu bincike suna bin su gari-gari. Gane su ba wuya, don ba sa rantsuwa, suna ganin littafinsu ya hana. Sai a kawo mutum a ce ya rantse, in ya ƙi an gama. Wanda ya janye a ɗinka masa alama a riga ya yi ta yawo da ita, wanda ya ƙi janyewa a ƙone shi da ransa a gaban jama'a. Daga baya har runduna aka tura musu cikin duwatsun. An ce wasu sun ɓuya a kogo da mata da yara, aka hura wuta a bakin kogon. Da na kai nan na rufe takardun, na je na tsaya a taga ina kallon jirgi yana wucewa. Wannan ban sa shi a waƙa ba.

Waɗanda suka rage sai suka koma ɓoye. A fili suna zuwa coci kamar kowa. Malamansu, waɗanda suke kira da kalmar da ke nufin kawu, suna yawo kamar 'yan koli, da allura da zare da 'yan kayan mata, in sun shiga gidan nasu sai a rufe ƙofa a yi karatu. Saboda riƙe littafin haɗari ne, sai suka mayar da shi ka. Manomin da bai san baƙi ba zai kawo maka sura bayan sura daga kansa. Wannan na gane shi ba tare da ƙamus ba.

Kada wani ya ce ina kwatanta kaina da su. Ni Musulma ce, aƙidarsu ba tawa ba ce, kuma su rayukansu aka ɗauka, ni falona kawai aka kwashe. Amma ba zan yi ƙarya ba, ranar da na tsaya gaban aji, da na zo wurin dariyar Rum, sai da muryata ta tashi har farfesa ta ɗago kai. Ban duba takarda ba ko sau ɗaya, waƙar tana gudana a cikina ina juya ta da Turanci. Da na gama ta tambaye ni, a hankali kamar kullum, me ya sa a ganina ba su haƙura sun jira izinin ba. Na ce don wanda za su jira ba shi da niyyar bayarwa, kuma sun sani. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Na ci kwas ɗin da kyau. Na dawo gida babu wanda zan gaya wa sai maigida, ya ce ai dama ya faɗa mini abu ne mai sauƙi.

Ajin gidan Amira bai yi nisa ba. Ita tana da hidimomi, sai ta riƙa kunna musu bidiyo a talabijin, in sun yi tambaya ta amsa da Turanci don ya fi sauri. Daga baya aka ce an ɗage sai bayan jarrabawar yara, daga nan ban sake jin maganarsa ba.

Wata ranar Laraba Maman 'yan biyu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da 'yar roba a hannu, wai kuka ta zo nema. Na zuba mata. Ta ƙi tafiya, ta tsaya tana juya murfin robar. Can ta ce Hausar yaran ta fara zubewa, jiya tsohuwa ta bugo, babbar ta yi ta inda-inda. Ta ce ta yi wata dabara. Za ta riƙa aiko su da yamma bayan makaranta, kamar sun zo karɓar kuka ko dawo da tukunya, in sun shigo sai in rufe ƙofa in yi musu karatu ko kaɗan ne, a hankali, ba tafi. Babu wanda zai sani.

Na dube ta da robar kukarta, sai 'yan kolin nan masu allura suka faɗo mini. Raina ya ƙara ɓaci. Su wuta suke gudu. Mu me muke gudu, kallon Amira?

Na ce, "Ƙanwata, ina kwana zan koya musu, ba kayan maye zan sayar musu ba. Ranar Asabar da hantsi ƙofata a buɗe take. Ki riƙo hannunsu, ki hau lif ɗin da kowa ke hawa."

Ta ce, "Yaya, ba za ki gane ba. Babansu ba ya son magana, kuma in na haihu matan ƙungiya ne a kaina."

Na ce na gane sarai, amma ba zan koya wa yara harshen uwarsu tare da koya musu ƙarya a bakin ƙofa ba. Ta ce za ta yi tunani. Ta tafi da kukarta.

Asabar na tashi na share falo, na shimfiɗa tabarmi, na jingina allo da talabijin, na soya fanke. Ƙofar na bar ta a wangale, na tokare da takalmi. Ina jin lif yana hawa yana sauka, yana tsayawa a wasu hawa. Har aka kira azahar babu wanda ya shigo sai maigida, ya zauna ya cinye fanken yana cewa ya yi daɗi. Na ƙara yin haka Asabar ta gaba, da ta gaba. Daga baya na daina soya fanken, amma ƙofar ban daina buɗewa ba.

Da ƙaramar Sallah muka sake haɗuwa a zauren ƙasa, kowa da sabon ɗinki. An gaisa da ni lafiya lau, Amira ma ta zuba mini miya da hannunta. Ana cikin ci wayar Maman 'yan biyu ta yi ƙara, daga Gaya ne. Ta gaisa, ta miƙa wa babbar. Ina kusa, ina jin muryar tsohuwa tana ta jero tambaya, ina gajiya, ya Sallah, wane abinci kuka ci, yaushe za ku zo. Yarinyar ta buɗe baki ta ce lafiya lau. Ta sake cewa lafiya lau. Sai ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce wani abu da Turanci, ta ajiye wayar a cinyar uwar ta ruga wurin 'yan uwanta. Tsohuwa tana can tana ta kiran sunanta.

Maman 'yan biyu ta ɗago muka haɗa ido. Ina jin tana jiran in ce ta aiko su ɗaukar kukar, ni kuma ina jiran ta miƙe a gaban matan nan ta ce ranar Asabar za ta kawo su. Ta kara wayar a kunne ta ce wa tsohuwa layi ne ba kyau.

Na rufe kwanona ban ƙarasa ba, na hau sama. Wanke-wanken safe na nan a kicin yana jirana. Na buɗe taga har ƙarshe, na saki famfo, na ɗauko waƙar attajiri daga baitin farko, kuma ban rage murya ba.